Gadin Tumakin Tabawa

Jiya da daddare wani mafarki ya ɗauke ni.

Na ga kaina a layi gaban wani ofis, riƙe da igiyar tumakin Tabawa. Tabawa matata ce, wata bakwai ke nan da rasuwarta. Tumaki tara ta bari, kura ta mayar da su shida, kuma a mafarkin ma shidan ne, ko ɗaya ba a ƙara mini ba. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama, saboda haka kowa ya shimfiɗa lemarsa ya taka. Ni ban zo da lema ba, wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe.

A ciki awaki ne ke aiki. Wani bunsuru mai tabarau ya karɓi takardata, ya cinye rabi, ya buga wa sauran hatimi.

Ya ce, "Kai ne mai kaɗaici?"

Na ce, "Ni ne mai tumaki, ranka ya daɗe."

"Duk layi ɗaya ne. Kare ɗaya muke bayarwa. Zaɓi."

Aka ɗaga labule, sai ga karnuka biyu. Ɗaya ƙarami ne, fari, bai wuce ƙwaryar fura ba, yana zaune cikin hular wani. Ɗayan kuwa, tabɗi! Ya kai maraƙi, kunnuwa a yanke, yana hararar bango kamar bangon ya yi masa laifi.

Ƙaramin ya leƙo ya ce, "Baba, ina wuni? Ya haƙuri?"

Wallahi idona ya ciko. Tun da aka yi arba'in babu wanda ya ƙara tambayata ya haƙuri. Na daure na ce, "Me ka iya?"

"Zama. In kana cin tuwo ina kallonka. In ka yi magana ina karkata kai."

"Kura fa?"

"Ina tsoronta ƙwarai."

Na juya ga babban na ce, "Kai fa?" Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Abin da ka damƙa mini ba zai ragu ba. Hira kam ba na yi."

Gaskiya raina yana wajen ƙaramin. Amma da na ɗaga kai, sai ga 'yan majalisarmu a tabarma a jikin rufi, kawuna a ƙasa, suna cin goro. Jatau, abokina tun na kaciya, ya ce, "Haba Barau! Da furfurarka za ka sa kare a ɗaki? Na kiwo dai an yarda. Wannan ɗan mitsitsin me za ka ce wa liman yana yi maka?" Kunya ta rufe ni. Ga shi kuma tumakin amana ce, don a ciwonta na ƙarshe Tabawa ba ta roƙe ni komai ba sai in kula mata da su. Na nuna babban.

Ƙaramin ya ce, "Ba komai, Baba. Allah ya ƙara haƙuri." Ya ja hular ya rufe kansa.

Sai ga ni a gida, babban yana kwance a ƙofar zaure. Kura ta zo da rana tsaka lulluɓe da mayafi, ta gan shi, ta ce ɓatan hanya ta yi, ta juya. Tumaki suka yi ƙiba har katanga ta matsa ta ba su wuri. Babu abin da ke shigowa. Ƙuda ya zo ƙofa ya koma, ƙanshin miyar maƙwabta ma a waje ya tsaya. Nakan zauna kusa da shi in ce yau an yi zafi, shi kuwa idonsa na kan tumaki.

Bayan la'asar na ji sallama. Na gane muryar, na fito da sauri. Tabawa ce a ƙofa, kwanon dusa a ka, ta ɗan ƙara haske.

Ta ce, "Malam, ka ba su kanwa kuwa?"

Ba ta tambayi lafiyata ba, dama haka take. Ta ɗaga ƙafa za ta shigo, karen ya miƙe ya cika ƙofar.

Na ce, "Kai, kauce! Matar gidan ce!"

Ya ce, "Ban san ƙanshinta ba. Kawo tufarta in shinshina. Haka ake nuna wa kare mutanen gida."

Na faɗa ɗaki a guje, na buɗe akwati, wayam. Sai na tuna. Ranar rabon kayanta ƙannenta sun so su bar mini zane ɗaya, ni da bakina na ce a kwashe, kada a bar ko tsumma, ganinsu yana tayar mini da hankali. Na duba ƙusar bango, na ɗaga katifa, na zazzage matashi. Kaico, ko ɗankwali!

Na fito na miƙa masa hannuwana. Na ce, "Shekara talatin da huɗu muna tare. Shinshina nan, ba za a rasa ba."

Ya shinshina a hankali, dama da hagu. Ya ce, "Tumaki kawai nake ji."

Tabawa ta sauke kwanon ta ajiye a waje. Ta ce, "Hannuna ya gaji, Malam. Ka jiƙa musu, kada ka ba su a bushe." Ta juya.

Na ture karen, na roƙe shi, na zage shi, ina kuka kamar ba dattijo ba. Bai motsa ba. Ya ce, "Me na yi? Je ka ƙirga, shida ne cif."

Ina kiran sunanta, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba, sai wani ƙara ya danne muryata, tatatata. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar. Na buɗe ido gari ya waye, ina zaune a bakin gado, hancina cikin tafin hannuna ina ta shinshinawa.