Muryar Mutinta daga Saman Kabad

"Wannan tana kaiwa asibiti?" Mutinta ta tambayi mai shagon, tana nuna kwalin da ke hannun mijinta.

Tana zaune a kan kujerar roba da aka ba ta, don a lokacin ba ta iya doguwar tsayuwa. Ni kuma ina gefe, goye da 'yarta Luyando. Na'urar lura da jarirai iri biyu ce a shagon. Ɗaya ana ajiye rabinta kusa da yaro, a riƙe rabin a hannu, ba ruwanta da intanet, kuma ko an ɗauke wuta batir yana riƙe ta. Ɗayar kyamara ce mai kai kamar ƙwallo, sai da intanet take aiki, amma ana ganin yaro a waya daga ko'ina, har a yi masa magana.

"Asibiti kuma, Madam?" in ji mai shagon. "Iyakarta daga ɗaki zuwa tsakar gida. In bango bai yi kauri ba, ta shiga maƙwabta."

"Ai ita ce daidai da mu," in ji Chilufya, mijin nata. "Maganin nan na 'yan makonni ne, ki dawo gida. Kina kwance a ɗakinki, yarinya tana wurin Anti, kina jin komai. Waccan kuwa an ce wani ƙato daga wata ƙasa yana iya kutsawa ya riƙa leƙen mutane."

"To ya leƙa. Me zai gani? Anti tana tsince yashi daga busasshen kifi?"

"Ga ɗauke wuta kullum."

"Chilufya," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ajiye wannan, ka ɗauko ɗayar."

Ya daɗe riƙe da kwalin yana karanta bayansa, alhali ya riga ya karanta. Daga bisani ya mayar da shi kan kanta. Ni ba wanda ya tambaye ni ra'ayina, ko da yake a falona za a kafa abin.

Bango ɗaya ya raba gidana da nasu a unguwar Chilenje. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse, ɗinki nake taɓawa in idona ya yarda. Luyando tana cikin shan nono Mutinta ta ji ƙullutu a ƙirjinta, aka ce toshewar nono ce, ta yi ta gashi da ruwan zafi. Kafin a gane ciwon daji ne ya riga ya yi nisa. Chilufya direban motar kamfani ne, fitar safe dawowar yamma, don haka renon ya faɗo kaina ba tare da an yi wata shawara ba.

Ranar da aka kwantar da ita, ya hau kujera ya ɗora kyamarar a saman kabad ɗina, ya jawo intanet ɗinsu ta taga.

"Ka sauka a hankali, ɗan masu cin biri," na ce masa. "Kujerar ba reshe ba ce."

"Ke dai ki ɓoye ɓerayen miyarki, tsohuwa, yanzu duniya na kallo."

Shi Babembe ne, ni 'yar ƙabilar Ngoni, wasa ne tsakaninmu tun kakanni.

Washegari ina dama kunu sai na ji an yi magana a bayana, saura kaɗan in saki ludayin.

"Anti Eneless, ya yi kauri. Ki ƙara ruwa."

Haka muka fara. Da safe kan kyamarar zai juya da 'yar ƙara kamar ta ƙwaro, sai muryarta ta biyo. Safar ba ta dace ba. An bar taga a buɗe. Yarinya ta sa wani abu a baki. Na reni yara huɗu babu mai kallona daga sama, abin ya fara isata. Wata rana matan cocinmu suka zo hira, na ɗauki ƙyallen atamfa na rufe abin. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

"Anti, furanni nake gani."

"Baƙi gare ni."

"To ki bar mini kafa kaɗan. Ba zan yi magana ba. Nan babu abin kallo sai silin da ƙafar matar da ke gadon gaba."

Na cire ƙyallen. Ban sake rufewa ba.

Maganar Chilufya game da wuta ta tabbata. In an ɗauke, intanet ya mutu, kyamarar ta sunkuyar da kai, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Sai Mutinta ta yi ta kiran wayata, in ce mata yarinya na barci, ta ce in kara wayar ta ji numfashinta. Na zaci Chilufya zai ce mata ai ya faɗa. Bai ce ba. Wata Asabar ya shigo da tsohon batirin mota a kafaɗa, da wayoyi, ya durƙusa bayan kabad yana haɗawa har gumi ya jiƙa masa riga. Tun daga ranar abin bai sake mutuwa ba.

Luyando ta fara rarrafe a wannan tsakanin. Da ta ji ƙarar juyawar, sai ta bar abin da take yi ta nufi kabad, ta dafa, ta ɗaga kai. Uwar tana yi mata waƙa da harshen Tonga, ita kuma tana dukan ƙofar kabad ɗin da tafin hannu.

Wata Lahadi muka kai yarinyar asibiti. Ba a shiga da yara ɗakin, sai ƙanwar Mutinta, Miyanda, wadda ke jinyarta, ta turo uwar a keken marasa lafiya zuwa baranda. Gashin ya zube, ta ɗaura ɗankwali, fuskar ta zama ƙarama. Ta miƙo hannu, Luyando ta dube ta, ta ƙanƙame wuyana ta fashe da kuka. Chilufya ya yi lallashi, bai yi amfani ba.

"Ku juya ta, ta ba ni baya," in ji Mutinta.

Na juya yadda yarinyar ba ta ganinta. Ta fara waƙar nan. Kukan ya tsaya. Luyando ta ɗaga kai tana neman muryar a saman bango. Mutinta ta rera har ƙarshe, sannan ta miƙa yatsa ta taɓa tafin ƙafar yarinyar daga baya.

"Ta yi nauyi?" ta tambaye ni.

"Bayana ya sani."

Ta yi 'yar dariya, ta ce wa Miyanda ta mayar da ita ciki, iska ta yi yawa.

Bayan wannan gyare-gyaren suka ragu. Kunu ya yi kauri ko ya tsinke, ba mai cewa komai. Kan kyamarar yana juyawa dai, ya bi yarinyar daga tabarma zuwa ƙofa, ya tsaya. Sai na kama kaina ina yi wa kabad bayani: yau ta ci kabewa, yau ta ciji yatsana. Wani lokaci a amsa da "to", wani lokaci shiru.

Ranar ƙarshe da na ji muryarta da rana ce, yarinyar na barci a kan kujera, ina sa maɓalli a riga.

"Anti, kina nan?"

"Ina zan je?"

"Haƙorin saman ya fito?"

"Ya leƙo."

"Ɗago ta in gani."

Ban so tashinta ba, amma na ɗauke ta, na hau kujera da ita, na ɗage mata leɓe a gaban gilashin. Ta yamutsa fuska ba ta farka ba. Na tsaya a haka ina jira.

"Na gani," in ji ta. "Irin na ubanta ne. Za ta sha tsokana a wurinki."

Ranar Talata da azahar ina tuƙa nshima, tuwon masararmu, na ji an yi gyaran murya daga saman kabad. Luyando ta jefar da cokalinta ta kama rarrafe. Muryar ta yi kama da ta uwar, amma ba ita ba ce.

"Anti Eneless, Miyanda ce. Wayarta ce a hannuna, a nan ta bar ta a buɗe, ban san yadda ake fita ba. Ta tafi yanzun nan. Na kira Chilufya, yana hanya."

Na ce to. Na sauke tukunyar don kada ta kama, na ɗauki yarinyar, wadda ke ta dukan ƙofar kabad, na goya ta. Na fita na faɗa wa matar gidan da ke kallon namu, ita kuma ta faɗa wa saura.

Kafin la'asar maza sun fara fitar da kujerun gidan Chilufya zuwa waje don mata su sami wurin shimfiɗa a ciki. Wani ya kawo itace, wani ya tafi neman rumfa. Shi bai iso ba sai da rana ta yi sanyi. Ya sauko daga motar da jakar Mutinta da bokitin wankanta da filo. Bai shiga gidansa ba, inda aka fara kuka. Ya zo ya zauna a dokin ƙofata, ya ajiye kayan a gefe, ya kwance takalmi ɗaya ya cire, ɗayan kuma ya bar shi a ƙafa.

Na kwance goyon na ajiye masa ita a gabansa. Ta dube shi, ta dubi mutanen da ke wucewa da teburi, sannan ta kama igiyar takalmin da ya rage ta fara ja.