Takardu Biyu a Teburin Fasto

Ƙa'idar Fasto ce: kafin ya yi sanarwar aure a coci, sai ya raba masoyan, kowa da ɗakinsa, ya ba su takarda mai tambaya ɗaya: "Wane ne Allah a wurinka?" In amsoshin suka yi hannun riga, ya ɗage sanarwar sai abin da hali ya yi. Tamu saura kwana huɗu.

Ni aka sa a ajin yara, kan 'yar kujerar da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Alƙalamina bai huta ba. Na rubuta cewa Allah Uba ne mai taushin hannu, irin hannun da muke tarar jarirai da shi a ɗakin haihuwa inda nake aikin nas, mai ɗaukata duk sa'ad da na yi kuka. Har bayan takardar na cika.

Mai Walda, wanda zan aura, na same shi a baranda da layi uku kacal. Na fizge na karanta.

"Allah wuta ne. Ba a kallonsa babu baƙin gilashi. Ya bar ƙanena ya mutu, bai ce mini komai ba."



"Goge," na ce. "Don girman Allah goge. Ga tawa, kwafi ko layi biyu ne."

"Haba Nas, satar amsa a ɗakin Allah?"

"Wane Allahn? Naka ko nawa?" na ce. "Shekara uku muna riƙe hannu muna cewa amin, ashe kowa da inda addu'arsa ke zuwa? Tun muna yara ake koya mana Allah ɗaya ne. To ɗayanmu gunki ya sassaƙa a ransa, kuma Fasto zai gani. Sa'an nan me zan ce wa Mama?"

Ya shiga murza tabon ƙuna da ke bayan hannunsa. Na durƙusa a kan siminti na riƙe masa wando, ban damu da matar da ke share harabar ba.

"Layi ɗaya kawai, masoyi. Rubuta cewa Shi mai ƙauna ne."

"Da ma a ce Allah biyu ne," ya ce a hankali. "Da tuni na tattara na koma wurin naki. Kin tuna asibiti? Kina wannan gefen gadon ƙanena, ina wancan, roƙonmu ɗaya. Wanda ya ba ki haƙuri ranar, Shi ne ya hana ni ƙanena. Abin da ke cina ke nan. Da akwai na biyu, ai da na kai ƙara."

Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba. Shekara biyu tun rasuwar ƙanensa yana zaune kusa da ni a coci, yana buɗe baki a waƙa, ni kuwa ina jin daɗin muryarsa.

Ƙofar ofis ta buɗe, Fasto ya leƙo. "Ku shigo mana, ko an fasa ne?"

Na miƙa takardun yadda suke. Fasto ya karanta tawa yana murmushi, ya karanta tasa, murmushin ya ɗauke. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Ɗiyata, kin ga abin da ya rubuta?"

"Na gani, Baba."

"Za ki iya zama gida ɗaya da mutumin da ke fushi da Wanda kike ƙauna? Ba fushin kwana biyu ba ne."



"Ban sani ba, Baba. Tsoro nake ji. Amma ba zan bar shi shi kaɗai da wannan wutar ba."

Fasto ya haɗa takardun ya danna musu maƙali guda, ya jawo kalanda ya zagaye Lahadi.

"Kai kuma," ya ce wa Mai Walda, "kowace Talata ka zo mu yi rigimar tare."

A baranda ya kama hannuna. Har muka kai titi bai sake shi ba, ni ma ban janye ba.