Kebul a Hannun Hagu

Ɗakin fayil na asibitinmu ba shi da taga, sai ƙofa ɗaya da fanka mai kuka. Ƙarfe ɗaya da rabi wata dattijuwa ta shigo, ta zauna a kan benci.

"'Yata, hoton ƙirjin maigidana nake nema, na bara. Likitan da ke zuwa sau ɗaya a wata ya ce sai ya gwada shi da na yau kafin ya sa ranar aiki. Ƙarfe uku zai tafi."

Tsofaffin hotuna duk suna cikin wani ɗan diski baƙi da nake jonawa da kwamfuta. Na rubuta sunan mijinta a wurin bincike. Babu. Na rubuta sunan wani da na tabbata yana ciki, shi ma babu. Na buɗe foldar da kaina, allon ya yi fari, ya sandare.

Na kira ƙanena mai gyaran kwamfuta.

"Yaya, tsakaninki da Allah, yaya kike cire diskin nan in kin tashi?"

"Kamar yadda ake cire filogin dutsen guga."

"Na sani! Fizga kike yi. Hotunan suna nan, rajistar da kwamfutar take dubawa ta nemo su ce kika yaga."

Ya nuna mini inda zan danna ta sake rubuta rajistar. Ta fara, ta yanke. Bakin kebul ɗin ya saki, sai an danne shi sama da yatsa diskin yake kamawa.

"To riƙe shi," in ji shi. "Kika saki, daga farko za ta koma. Ta yanke a tsakiyar rubutu kuma, ba ruwana."

"Har yaushe?"

"Awa uku, in ta ga dama."

Na danne da hannun hagu. Agogon bango ya ce biyu saura kwata. Ba zan iya tashi ba, ba zan iya miƙa hannu ga gorar ruwata ba. Gumi ya gangaro mini ta bayan kunne. Dattijuwar tana ta ninke katin mijinta tana warwarewa.

Biyu da kwata yatsana ya mutu. Na sake kira da hannun dama.

"Awa uku ba za ta yi ba. Uku likita zai tafi."

"To bar bincike. Ki hana foldar nuna ƙananan hotuna, su ke shaƙe ta. Mai da ita jerin sunaye kawai."

Na yi. Ta buɗe a hankali: fayil dubu goma sha ɗaya, ba suna ko ɗaya, sai lambobin da injin hoto ya ba su, da kwanan wata a gefe.

"Inna, a katin nan akwai ranar da aka ɗauki hoton?"

"Wannan sabo ne, tsohon ya jiƙe a wanki." Ta juya katin. "Amma Laraba ce. Ranar ya sa takalmi wari-wari don sauri, muka yi ta faɗa a hanya. Kwana biyu kafin a rufe makarantar jikata."

"Wane hutu?"

"Babban."

Laraba biyu a ƙarshen zangon karatun bara suka yi kama. Hoto sittin da uku. Na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya yi tunani kafin ya fito. Ta matso da bencin, numfashinta a kafaɗata.

"Ba shi ba ne. Wannan ai ƙato ne, nawa kamar sandar rake yake."

"Inna, suna nake karantawa a ƙasa."

"Karanta, ni ma ina duba nawa."

Uku saura minti bakwai sunansa ya fito a kusurwar hoto na arba'in da ɗaya. Na tura wa firinta. Tana can ƙarshen ɗakin, inda hannuna ba ya kai.

"Inna, sai dai ki ɗauka da kanki."

Ta zare takardar tun da ɗuminta, ta yi ƙofa, ta waiwayo.

"Ke fa?"

Na dubi allon. Rajistar ta kai kashi talatin da huɗu.

"Ina nan. Yi sauri, ofishinsa na biyu a dama."