Ja da Bayan da Wahabu Ya Jira

A Suame Magazine, unguwar makanikai a Ghana, da rana ta take aka ajiye sifana, rumfar Wahabu ake nufa. Gyaran birki yake yi, amma ba birki ke tara masa jama'a ba. Yana da rediyo, yana da Turancin makaranta, ga baki Allah ya ba shi har ya yi yawa. A shekarar 1969, da Rasha da Sin suka yi cirko-cirko a kan iyaka, kowacce da bom ɗin nukiliya a ajiye, shi ke fassara wa mutanen Zango halin da duniya take ciki.

A wurinsa Turancin tashin hankali hawa-hawa ne. "In kun ji tension, ku ci abincinku," in ji shi. "Standoff, raguna biyu ne sun haɗa goshi, ba mai motsi. On the brink, an kai bakin rami. Ultimatum, an yanka wa'adi." Sai ya ɗaga yatsa, baƙi ƙirin da man mota. "Amma ƙarshen magana kullum ɗaya ne: step back. Kowa ya ja da baya. Haka aka yi a Kuba, da kunnena na ji."

Da aka ce ƙasashen biyu sun zauna tattaunawa, ai sai kansa ya ƙara girma. Har Alhaji Sumana mai sayar da kayan gyaran mota ya koma kiransa Malam.

A watan Nuwamba rediyon nan dai ya kawo wata sanarwa. Duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana cikin mako biyu. A nan unguwar Akwatialine aka haifi Wahabu, a nan aka binne uwarsa, amma ubansa daga Doso ta ƙasar Nijar ya zo, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Matarsa Rakiatu ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu. "Baban Humu, Alhaji Sumana ya ɗauki lori zuwa Nijar. Ya ce akwai wurinmu mu uku. Ran Asabar za a tashi."

"Ultimatum ne kawai," in ji shi. "Na san Turancin nan sosai paa. Kwance kayanki, za su step back."

Ran Asabar lori ta tashi da waɗansu ukun. Gidaje biyu a layinsu ma suka ƙi ɗaure kaya, don Malam Wahabu ya ce a jira. Kullum da tsakar rana yakan buɗe rediyo ya kasa kunne, rumfar tana ƙara zama fili. Kalmar step back ba ta zo ba.

Ana gobe wa'adi zai cika, Rakiatu tana tsefe wa 'yarsu Humu kai, ta tambaye shi ba tare da ta ɗago ba. "Waɗancan manyan ƙasashen biyu, me ya sa suka ja da baya?"

"Kowa na tsoron bom ɗin ɗan'uwansa mana."

"To mu me muke da shi da za a ji tsoro?"

Ya zaci zai ji haushi, ko kunya. Bai ji ko ɗaya ba. Jikinsa ya mutu kawai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Da wa'adi ya cika, kwana huɗu suka yi a tashar mota, a kan ƙullin kaya, cikin ɗaruruwan mutane, babu lorin da ke da wuri. Maƙwabtan da suka saurare shi suna gefe, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya gaishe shi. Da tsakar rana hannunsa ya buɗe rediyon da kansa, don ya saba.

Wani tsoho da ya san shi a rumfa ya matso. "Malam, wane hawa muke yanzu?"

Wahabu ya saurari labaran har ƙarshe, har aka sa kiɗa.

"Ba su ambace mu ba, Baba," ya ce, ya kashe rediyon.