Idanun Donna Nunziata

A taƙaice, yadda za a shigar a littafin hukuma: ranar sha ɗaya ga Fabrairu, 1879, Nunziata Amodeo, matar Mastro Gaspare mai zanen fuskoki, ta rasu a gidansu da ke bayan tsohuwar coci, tana da shekara sittin da uku. Sanadi, ciwon huhu. Ta bar miji, da 'ya ɗaya a Buenos Aires, can ƙetaren teku, da hoto ɗaya. Littafin ba shi da gurbin bayanin hoto, don haka ga bayanin nan.

Shekara talatin Mastro Gaspare yana zana manyan garin. Ya zana magajin gari uku, da limaman coci, da matan attajiran man zaitun, kuma ba a taɓa jin ƙorafi ba, domin ba wanda ya fita daga hannunsa kamar yadda ya shiga. Mai harara-garke ya daidaita masa ido, mai ƙaton hanci ya rage masa. Ana cikin haka Saverio Cannata, ɗan mai kantin magani, ya dawo daga Palermo da akwatin ɗaukar hoto, ya sa aka yi masa ɗaki mai rufin gilashi a saman kantin ubansa. Cikin shekara biyar aikin Mastro ya koma rubuta allunan shaguna da sabunta fentin mutum-mutumin waliyyan coci kafin ranar biki. Ya rama da abin da ya rage masa, wato baki. Duk wanda ya zauna kusa da shi a dandali ya ji cewa akwatin ba ya gani, haɗiya kawai yake yi.

A watan Nuwamban da ya gabaci rasuwar, wasiƙar 'yarsu Cettina ta iso. Nunziata ba ta karatu, shi ne yake karanta mata. Ya yi nisa, sai ya yi tari, ya wuce zuwa gaisuwar ƙarshe.

"Koma baya, tsoho," in ji ta. "Na ji inda ka tsallake."

Ya koma. Cettina ta rubuta cewa shekara tara ba ta ga fuskar mahaifiyarta ba, har ta fara ɓace mata. Tana roƙon a aiko mata da hoto. "Amma Papa, kada ranka ya ɓaci, na akwati nake so, ba zanenka ba. Kai gyara mutane kake yi. Ni ita nake so, yadda take."

Nunziata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "'Yarka ce, ba ta iya ɓoye magana."

"Halinki ta ɗauko."

"To ka goge takalminka. Gobe za ka hau benen yaron da kake zagi."

Akwai matsalar da Cettina ba ta sani ba, don ba a rubuta mata. Shekara huɗu ke nan kan Nunziata yana rawa, a hankali, dama da hagu, kamar mai ƙin amincewa da duk abin da aka faɗa. Akwatin kuwa yana bukatar mutum ya ƙame har a ƙirga goma.

Saverio ya karɓe su da ladabi fiye da yadda Mastro ya so. Ya zaunar da ita, ya jawo wani ƙarfe mai baki biyu ya tallafe mata ƙeya.

"Wannan na rataye mutane ne, ɗan nan?"

"Na riƙe su ne, Donna Nunziata. Ko alƙali an sa masa."

"Ai shi ya cancanta."

Saverio ya shafa magani a gilashin da zai kama hoton, ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya ƙirga. Da ya wanke gilashin ya ɗaga shi ga haske, sai ga riga da kowane maɓalli, ga hannuwa da kowace jijiya, ga kujera, amma a wurin fuska hayaƙi ne kawai. Mastro ya daɗe yana jiran ranar da akwatin zai ji kunya a gabansa. Ranar ta zo, bai ji daɗinta ba.

Suka koma bayan Kirsimeti, ranar da aka sami rana. Matakan benen ashirin da shida ne, ɗakin gilashin kuma ba a hura wuta a ciki saboda magungunan. Aka ƙara matse ƙarfen, aka bi da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa. Gilashi biyu suka lalace. A zuwa na uku Saverio ya kawo dabarar da yake yi wa jarirai: uwa ta lulluɓa da baƙin mayafi a bayan kujera ta riƙe ɗanta, ta fito a hoto kamar labule. Mastro Gaspare, wanda ya taɓa zana bishof, ya durƙusa a bayan matarsa, aka rufe shi ruf, ya kama kanta da tafukansa biyu.

"Kai, a hankali. Ba kankana ka saya ba."

"Yi shiru, mata, ana ƙirga."

A cikin duhun mayafin ya ji rawar tana ratsa tafukansa, ƙarama, ba ta gajiya, kamar tsuntsu a hannu. Ya ji kuma yadda kan ya yi zafi, da yadda ya rage nauyi. Saverio ya kai goma.

"Yatsunka sun fito sarai, Mastro," in ji shi daga baya, bai ɗaga ido ba. "Mu bari sai watan Mayu. Rana za ta yi ƙarfi, uku kawai zan ƙirga."

"Mayu," in ji Nunziata, tana gyara gyalenta. "Ka tambayi likita ko ya yarda."

Sati biyu bayan haka ta kwanta, ba ta tashi ba.

Ba Mastro ne ya aika a kira Saverio ba. Al'adar garin ce ta aika: in an yi rasuwa a gida mai mutunci, mai hoto yakan zo kafin mai akwatin gawa. Matan unguwa suka sa mata rigar zuwa coci, suka zaunar da ita kusa da taga, suka ɗora mata carbinta a hannu. Saverio ya ƙirga har ashirin, don ba abin da zai sa shi sauri. Hoton ya fito ba aibu ko ɗaya. Ga tamojin goshi, ga tabon man suya a kumatu, ga bakin da ya ɗan karkace. Idanu a rufe.

"In iyali sun so, nakan buɗe musu ido da tawada," in ji Saverio. "Amma hannuna na ɗan mai magani ne. Fitowa suke kamar na kifi."

Mastro ya daɗe yana duban takardar hoton. "Buga mini uku," in ji shi.

Ya zauna bakin taga da burushi mai gashi uku da tawada ruwan ƙasa. Na farko ya gama shi kafin tsakar rana. Da ya ja baya ya duba, sai ga idanu manya, masu laushi, irin waɗanda ya saba yi wa matan attajirai. Hannun ya yi abin da ya saba, bai shawarce shi ba. Ya kifa takardar. A na biyu ya hana hannun, sai idanun suka fito ba na kowa ba. Ranar nan bai ci komai ba sai guntun burodi da maƙwabciya ta tura masa.

Na uku ya ci masa kwana biyu. Ya bar fatar idon hagu ta sauko yadda ta sauko tun haihuwar Cettina. Ya bar na dama ya fi ƙanƙanta. Ya sa jan da hayaƙin murhu ya bari a gefe, da ruwan da ke kwance a ƙasa wanda ba hawaye ba ne, tsufa ne. Sannan ya nemi kallon nan da take yi masa in ya shigo da fenti a jikin rigar Lahadi, rabi faɗa rabi dariya, ya same shi da ɗigo biyu da ba su kai ƙwayar gero ba. Da ya gama bai iya ci gaba da zama a ɗakin ba, sai ya fita tsakar gida ya tsaya.

Saverio ya duba da gilashin ƙara girma, ya ajiye, ya cire hularsa. 

Ranar nan Mastro ya rubuta wa Cettina wasiƙa biyu. Ta farko layi uku ce, ya haɗa da hoton, ta bi jirgin ruwan Maris. Ta biyu, mai sanar da rasuwa, ya ajiye ta a aljihun tebur sai jirgin Afrilu. Bai yi wa kowa bayanin wannan tsari ba, kuma doka ba ta bukaci ya yi ba.

Amsar Cettina ta yi saɓani da wasiƙa ta biyu a tsakiyar teku. Ta iso a watan Yuni, ya karanta ta shi kaɗai, a bayyane, don ya saba.

"Na ga Mamma. Ta tsufa, ta rame, amma ita ce. Na kafa hoton a kan gadona, kullum da safe sai ta yi mini faɗa. Ka gani, Papa? Kada ka ji haushi, amma waɗannan idanun burushinka ba zai taɓa kamo su ba. Ka ce mata ta riƙa cin abinci."

Abin da al'amarin ya ci, in za a lissafa: gilashi biyar, huɗu daga ciki sun lalace, takardar hoto uku, hawan bene sau uku cikin sanyi, wanda likita ya ce ya rage wa mamaciyar wata biyu ko uku, da ƙarin wata guda da Cettina ta yi tana da uwa bayan an binne ta. Mastro Gaspare ya ƙara shekara shida yana rubuta allunan shaguna. Bai taɓa gaya wa 'yarsa wanda ya yi idanun ba.