Gyambon Maiwada

A shekarun diban gwamna, lokacin da ake kwasar majiya ƙarfi ana kai su haƙar kuza a Jos, duk Gazara babu mai dukiya irin ta Maiwada. Ba shanu ba, ba gonar rake ba. Gyambo ne a ƙwaurinsa na hagu, faɗinsa ya kai bakin ludayi. Sau biyu dagaci yana aiko a rubuta mutane, sau biyu gyambon nan yana fid da shi. Ƙannensa biyu masu ƙafa lafiya an tafi da su, ɗaya ne ya dawo.

Kowace ranar kasuwar Makarfi, Malam Sada diresa, ma’aikacin asibiti, yakan taho daga Ikara a kan keke, akwatin magani a baya, ya kafa benci a gindin durumi. Masu tari, masu farfaɗiya, masu gyambo, kowa ya zo ya karɓi rabonsa na mako. Maiwada ba ya fashi, don dagaci ya san ana magani. Malam Sada ya wanke, ya barbaɗa hoda, ya naɗe da bandeji fari fat. Washegari da hantsi Maiwada ya zagaya bayan rumbu, ya kwance, ya shafa toka da jar kanwa, ya ciji hularsa har raɗaɗin ya lafa, ya mayar da ɗauri yadda yake. Manomi ma ba ya kula da gonarsa haka.

Wahalarsa ɗaya ce, masu gaisuwa. Da an ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” sai tari ya sarƙe shi, don kada ya ce amin.

To, matarsa Kulu ita ke wanke tsummoki, ita ke korar ƙuda daga tuwo. Ta rantse ba da wata manufa ba, ta dai faɗa wa aminiyarta zancen kanwar ne kawai. Aminiyar kuwa ƙanwar mai furar kasuwa ce, mai furar nan kuma ita ke dama wa Malam Sada. Ai shi ke nan, magana ta yi ƙafa, ta riga jakin Maiwada isa Makarfi.

Ran nan Malam Sada ya kwance bandeji, ya sunkuya ya sansana.

“Malam Maiwada, ƙafar nan taka miyar kuka ake kaɗawa a ciki? Na ji kanwa.”

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, “Saura daddawa!”

“Haba, likita, wane irin zance ne wannan?”

Malam Sada ya jawo wani farin gari yana kwaɓawa. Ya ce siminti ne na asibiti, za a rufe ƙwaurin da shi ruf, mako huɗu ba mai taɓawa. Maiwada ya ga abin ba wasa ba ne, ya kama hannun rigarsa, ya rage murya.

“Don girman Allah, likita. In ka warkar da ni, ka kashe ni.”

“In na bar ka kuma, baɗi a Zariya za a guntule ta. Ni ƙafa aka ba ni in duba. Zancen dagaci ba ya cikin akwatina.”

Ya lafta siminti, har da shafe shi sumul kamar mai yaɓen ɗakin amarya.

Mako huɗun nan Maiwada bai ga ta zama ba. Ya gwada zura toka da karan dawa, karan ya karye a ciki. Ya je wurin liman neman addu’a, ya yi ta kewaye-kewaye, da liman ya gane abin da ake so ya ce shi duk karatunsa bai taɓa cin karo da addu’ar hana warkewa ba. Ƙaiƙayi kuma ya sako shi gaba, kowa ya ji sai ya ce, “Madalla, ai alamar sauƙi ke nan!”

Ranar fasawa rabin Gazara ta zo kallo. Aka tsaga siminti, sai ga fata sabuwa, ja-ja, lafiya lau. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. Malam Sada ya gyara hula yana duban jama’a. Shi ma Uwaisu, ɗan aiken dagaci, yana tsaye a bayan benci, ya ce, “Barka, Maiwada. Wace ƙafar ce ma mai ciwon? Wallahi ban bambance ba.”

Kafin kaka aka tafi da Maiwada Jos.

Wata huɗu ya yi ya dawo, ƙafa garau, ƙirji kuwa kamar ana kaɗa gora. Sanyin Jos ya shige shi. Ya koma bencinsa na gindin durumi, sai dai yanzu a layin masu tari. Malam Sada yakan auna masa jan magani a cokali, ba ya yarda su haɗa ido, don ƙirji ba a yi masa siminti.

In an ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” Maiwada yakan buɗe baki da gaske zai ce amin. Sai tarin ya riga shi.