'Yan Gefen Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji shida kafin in shiga digiri na biyu, irin wanda ake shirya wa malaman da ke bakin aiki a makarantun cikin gari. Ranar Asabar muke zuwa, mu jeru a benci kamar ɗalibanmu, har da gyangyaɗin.

Da aka zo kan bincike, Farfesan da ke duba aikina ya ce in raba ajina biyu. Rabi in koya musu karatu da sabuwar dabara, ta haɗa sautin baƙi da wasali. Rabi in bar su kan tsohuwar hanya, malama ta faɗa su maimaita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in dabarar ta yi aiki fa, su sauran?"

"Ai su ne ma'auninki, Malama. In kika taɓa su, me za ki gwada da me?"

Yara tamanin da huɗu gare ni a ɗakin da aka gina don arba'in. Na ja layi da alli a tsakiya. Kullum bayan hutun tara sai in kwashi 'yan gefen taga zuwa sito, in bar 'yan gefen ƙofa da kwafar allo.

Abin takaicin, dabarar ta yi aiki. Cikin wata biyu 'yan taga na karanta allunan shaguna a hanya. 'Yan ƙofa kuwa rubutu kamar na inji, amma ba su san abin da suka rubuta ba.

Wata rana uwar ɗaya daga cikinsu, tela ce, ta tare ni a bakin ofis.

"Malama, 'yar maƙwabciyata ce ke karanta mini takardar asibiti, ga tawa zaune. Ajinsu ɗaya fa. Ko dai ita ce ba ta da kai?"

"Ki ƙara haƙuri, Maman yara," na ce, na wuce ina jin kunyar kaina.

Na yi wa kaina alkawari, ana gama gwajin ƙarshe zan zauna da 'yan ƙofa in koya musu, ko da hutu ne. Sai Farfesa ya tafi taro, ya dawo ya ce tambayoyin gwajin na buƙatar gyara. Ran da ya sa hannu, saura kwana tara su bar makarantar.

Ranar kare bincike, tazarar da ke tsakanin rukunan biyu aka yi ta yabo. Har tafi aka yi mini.

Na sake ganin telar a tashar mota. Ta riƙe hannuna biyu, ta yi mini barka.

Na ce, "Ina mutuniyar tawa? Wace sakandare ta samu?"

"Babanta ya ce a bar wahalar da ita, tunda ba ta da kan boko. Tana shago tana sa maɓalli. Ke dai kin yi iya ƙoƙarinki, Malama, Allah ya saka miki."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya. Abin da ya fito shi ne amin.